Ƙwai Arba'in, Ƙwai Ɗari Uku: Tarihin Abincin Kaza a Ƙasar Gumel

Tun zamanin da fataken kanwa daga ƙasar Manga suke ratsa Gumel zuwa Kano, kazar Hausa take tono a gidajen wannan yanki, kuma ba wanda ya taɓa auna mata abinci. Abin da ake watsa mata shi ne dusa da tsakin gero idan mata sun yi surfe, sauran kuwa ta nema da ƙafarta: gara, tsutsa, fari, katantanwa da tsakuwa. Wasu sukan kife tsohuwar tukunya da kashin shanu a bakin suri, da safe su zazzage wa 'yan tsaki garar da ta taru.

Wannan tsari ya wadatar ne saboda kazar ba ta yawan ƙwai. A shekara takan saka talatin zuwa sittin, ta kwanta a kansu kwana 21, ta yi renon 'ya'ya, jikinta ya huta. Ɓawon ƙwai kusan dukkansa sinadarin kalsiyam ne, kowane ɗaya yana cin kimanin giram 2. Gero da dawa, waɗanda su ne amfanin jigawar Sule Tankarkar da Gagarawa, ba su da wannan sinadari sai ɗan abin da ba a rasa ba, amma tono yana cike giɓin.

Sauyi ya biyo hanyar kasuwa. Layin dogo daga Kano zuwa Nguru, wanda aka kammala a 1930, ya bi ta Gagarawa ya haɗa yankin da cinikin gyaɗa, tunkuzarta kuma ta zama jigon abincin kajin gidan gona a Arewa. A 2000 cibiyar binciken dabbobi ta Shika, kusa da Zariya, ta fitar da irinta mai suna ShikaBrown, daga baya Noiler ta iso daga Jihar Oyo. Yau wanda ya je kasuwar Maigatari ranar Alhamis yana iya komawa gida da irin waɗannan kaji, ya zuba su akurki ɗaya da kajin Hausa, zakaru, zabi da 'yan tsaki.

A nan lissafin kaka da kakanni ya rushe. Kazar gidan gona mai saka ƙwai kusan 300 a shekara tana buƙatar kimanin giram 4 na kalsiyam kullum. Ginin ɓawo yana ɗaukar kusan sa'o'i 20, yawanci cikin dare, lokacin da ba ta cin komai. Idan abinci ya gaza, sai jikinta ya ɗebo daga ƙashinta. Da fari ƙwai ya zo da laushi, sannan ta fara fasa shi tana sha, a ƙarshe ƙafafu su kasa ɗaukarta.

Ba a kuma magance wannan da ba kowa abincin masu ƙwai. Shi yana ɗauke da kalsiyam kusan kashi 4 cikin ɗari, alhali ɗan tsako kashi 1 ya ishe shi, rarar kuwa tana lalata masa ƙoda. Zakara ma ba ya buƙatarsa. Kanwa, wadda aka saba ba dabbobi, dangin gishiri ce, ba ta gina ɓawo.

Abin da ya dace da garke mai gauraye shi ne abinci ɗaya na masu tasowa ga kowa, sannan a ajiye kasko daban da garin ƙashi, ko dakakkiyar katantanwa, ko ɓawon ƙwai da aka gasa aka daka. Mai saka ƙwai za ta je ta ci gwargwadon buƙatarta, sauran su wuce. Zaɓin da tono ya ba kazar dā ke nan, aka mayar mata da shi cikin kasko.