Karkatar da kira

Karkatar da kira tsari ne na sadarwar tarho wanda ke bai wa mai layi damar mayar da kiran da aka yi masa zuwa wata lamba daban, ko zuwa akwatin saƙon murya. Yana cikin ƙarin hidimomin tsarin GSM, tare da jiran kira, ɓoye lamba da haɗa mutane da yawa a kira guda. Umarnin yana zama ne a na'urorin kamfanin sadarwa, ba a cikin wayar ba, shi ya sa yake ci gaba da aiki ko da an kashe waya ko an cire katin SIM.

Tarihi

An fara samar da wannan hidima a tarhon girke a Amurka cikin shekarun 1960. Daga baya ta shiga ƙa'idojin GSM, tsarin da ya fara aiki a ƙasar Finland a 1991, ya kuma iso Najeriya a 2001.

Nau'o'i

Karkatarwa iri huɗu ce, kowace da lambarta da ake dannawa kamar za a yi kira:

**21*lamba# tana karkatar da duk kira ba tare da wayar ta yi ƙara ba.

**61*lamba# tana aiki idan ba a ɗaga ba. Ana iya tsayar da lokacin jira daga daƙiƙa 5 zuwa 30.

**62*lamba# tana aiki idan waya tana kashe ko babu sabis.

**67*lamba# tana aiki idan mai layi yana kan wani kira.

Lambar ##002# tana soke dukkansu gaba ɗaya. Haka kuma ana samun waɗannan zaɓuka a saitin kira na wayoyin Android, yayin da saitin iPhone yake nuna nau'in farko kaɗai.

Kuɗi da iyaka

A yawancin kamfanoni, mai kira yana biyan kuɗinsa kamar kullum, shi kuwa mai layi ana cire masa kuɗin isar da kiran zuwa lamba ta biyu. Tsarin bai shafi saƙon tes ba, kuma ba ya karkatar da kiran manhajojin intanet irin su WhatsApp.

Damfara

'Yan damfara sukan kira mutum da sunan ma'aikatan banki ko na kamfanin sadarwa, su sa shi ya danna lambar karkatarwa haɗe da tasu lambar. Da zarar ya yi, kiransa ya koma hannunsu, har da kiran da ake karanto lambar tantancewa ta WhatsApp ko ta banki, ta haka su ƙwace asusunsa. Saboda yawaitar wannan zamba, ma'aikatar sadarwa ta Indiya ta umarci kamfanoni su dakatar da karkatarwa ta hanyar danna lamba daga 15 ga Afrilun 2024.

Akwai kuma jita-jitar da ke yawo cewa *#21# tana bayyana ko ana sauraren wayar mutum a asirce. Wannan ba gaskiya ba ne. Abin da take nunawa kawai shi ne ko an kunna karkatar da duk kira, da lambar da aka mayar da shi gare ta.