Ginshiƙi da Layi: Tarihin Zanen da ke da Ma'auni Biyu

Duk wanda ya yi darasin labarin ƙasa a sakandare a Kaduna ya taɓa zana shi da fensir da rula: watanni goma sha biyu a ƙasa, ginshiƙan ruwan sama suna tashi daga Afrilu, su kai ƙololuwa wajen Agusta da Satumba, sannan layin zafi ya ratsa ta samansu, ya yi tozo a Maris da Afrilu. Milimita a hagu, digiri a dama. Ni a wata makaranta a Barnawa na fara zana shi, ban kuma san cewa dabarar ta haura shekara ɗari biyu ba.

Mafarinta wani ɗan Sikotlan ne, William Playfair, wanda aka haifa a 1759, ya kuma taɓa yi wa James Watt aikin zanen injuna. A littafinsa na 1786 ya nuna cinikin Ingila da layuka masu bin shekaru. Da ya zo kan Sikotlan, alƙaluman shekara guda kawai ya samu, babu abin da layi zai bi, sai ya jera sanduna. Rashi ne ya haifi zanen ginshiƙi.

A 1801 ya ƙara wani abu. Ya zana ƙasashen Turai a matsayin da'irori, ya sa yawan jama'a a ma'aunin hagu, kuɗin haraji a na dama, ya haɗa su da layi mai karkata, don mai karatu ya ga an danne Birtaniya da haraji. Matsalar ita ce, karkatar layin ta dogara har da faɗin da'irar da yadda ya tsara ma'aunan biyu. Tun ranar haihuwarta ke nan dabarar ta zo da aibinta.

Zanensa na 1821 ya fi gaskiya, a ganina. Farashin alkama a ginshiƙai, ladan mako na ƙwararren ma'aikaci a layi, daga 1565 zuwa 1821, kuma dukansu da sulai aka auna su.

Abin da Playfair ya sassaƙa a farantin tagulla, Lotus 1-2-3 a 1983 da Excel a 1985 suka fara sauƙaƙa shi, har ya zama yau danna biyu ko uku ne: a zaɓi jeri ɗaya, a mayar da shi layi, a tura shi ma'auni na biyu. Manhajar ce ke zaɓar inda kowane ma'auni zai fara da inda zai tsaya, sai in mutum ya hana ta.

A nan ne hatsarin yake. A ɗauki mafi ƙarancin albashi, wanda ya tashi daga naira 30,000 na 2019 zuwa 70,000 a 2024, a sa shi a layi, a sa farashin buhun masara a ginshiƙai. In aka fara ma'aunin albashi daga 25,000, na masara kuma daga sifili, layin zai yi tsalle ya bar ginshiƙan a ƙasa, ma'aikaci ya fito kamar ya samu sauƙi. A juya ma'aunan, labarin ya juye, alhali ba a taɓa ko alƙalami ɗaya ba. Zanen damina bai yaudare mu ba domin babu mai zaton milimita da digiri tsere suke yi. Albashi da masara kuwa duka naira ne, don haka idan aka kawo mini irin wannan zane a teburin labarai, nakan mayar da shi a ɗora su kan ma'auni ɗaya.