Na zagaya Badala da ƙafa, ga abin da na gani

1/ Shekara uku ina wuce ganuwar Kano a Adaidaita Sahu, daga tsohuwar BUK zuwa cikin gari, ban taɓa sauka na dube ta ba. Ranar Asabar na sauka. Ku biyo ni, zaren yana da ɗan tsawo.

2/ Ni ɗan Kanya Babba ne. A gidanmu, kafin damina ta faɗi, sai an kwaɓa ƙasa an yi wa katanga da soro yaɓe. Kakana ba ya wasa da wannan. Shekarar da aka yi sakaci, ruwan Agusta zai nuna maka. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

3/ Tarihi ya nuna Sarki Gijimasu (1095–1134) ne ya fara ginin ganuwar. Muhammadu Rumfa (1463–1499) ya faɗaɗa ta, shi ne kuma mai Gidan Rumfa da kasuwar Kurmi. Wato aikin ƙarnuka ne, sarki bayan sarki, ba kwangilar shekara ɗaya ba.

4/ A Fabrairun 1903, lokacin da sojojin Turawa suka iso Kano, Sarki Alu yana Sakkwato. Sun gwada ƙarfinsu a Ƙofar Dukawuya abin bai yiwu ba, sai ta Kabuga suka samu shiga. Da igwa fa. Ganuwar ƙasa ce ta ba su wannan wahalar.

5/ To ni daga wajen Kabuga na fara tafiya, na bi ta Dukawuya, Gadon Ƙaya, har Ƙofar Na'isa. Wallahi akwai wuraren da in ba a faɗa maka ba, za ka ɗauka tudun shara ne. Leda ta lulluɓe shi. Wani wajen an kafa shago ya jingina da ita, wani wajen babu ma alamarta, gini ne kawai.

6/ Na tarar da wani yana haƙar ƙasa daga gindinta yana zubawa a baro. Na ce, Baba, sannu da aiki, ba ganuwa ba ce wannan? Ya dube ni ya ce ɗakinsa ne ya tsage, kuma ƙasar nan ta fi kowace kyau. Ban iya ce masa komai ba. Gaskiya ya faɗa, ƙasar da aka kwaɓa da kyau ce.

7/ Ƙofar Na'isa kuwa, a 2010 aka rushe ta don faɗaɗa titi, aka gina wata sabuwa. Tana da kyau a hoto, ni ma na ɗauka. Amma siminti ne da rodi. Suna ne ya rage, ginin ya tafi.

8/ Ga inda nake son mu tsaya. Muna yawan cewa "an bar ganuwa ta lalace" kamar dutse ce da za a kewaye da waya a ƙyale. Ba dutse ba ce. Ginin ƙasa ba ya rayuwa sai ana taɓa shi duk shekara, kamar katangar kakana. A da aikin gayya ake yi, jama'a su fito su gyara, ga Sarkin Magina da mutanensa da suka san tubali da makuba. Kududdufan da ke gefenta ma, daga nan aka ɗebi ƙasar. Da aka daina yaƙi, aka daina gayyar. Yanzu kududdufan ma cike su ake yi ana yanka filaye.

9/ Ku duba Jenne a ƙasar Mali. Babban masallacinsu na ƙasa ne, ginin 1907. Duk shekara gari ke fitowa a yi masa yaɓe, yara da manya, kamar ranar salla. Shi ya sa yake tsaye. Mu kuma tun 2007 ganuwarmu ke cikin jerin jiran UNESCO, har yau jira ake.

10/ Na ƙarasa Gidan Makama da la'asar. Akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari a ajiye. Na daɗe tsaye a gabansu. Ƙyaure yana nan lafiya, ganuwar da ya fito daga cikinta ce ke narkewa.

11/ Kada mu 'yan Jigawa mu ce wannan matsalar Kanawa ce. Har 1991 jiha ɗaya muke. Kuma wa ya taɓa zuwa Birnin Kudu ya ga zanen da ke jikin duwatsun can? Ni dai ban je ba, kuma ina jin kunyar faɗa.

12/ Hutun nan zan zauna da dattawan unguwarmu da suka iya ginin ƙasa, in ɗauki muryarsu a waya: wace ƙasa ake ɗiba, kwana nawa take jiƙa, yaya ake jera azara. Waɗanda na sani duk sun manyanta, 'ya'yansu kuma bulo suke bugawa.

13/ In a garinku akwai ragowar ganuwa, Kazaure, Roni, Gwiwa, Ɓaɓura, ko ina ne, ku ɗauki hoto ku ajiye a ƙasan wannan zaren da sunan wurin. Ku yi kafin damina.