Siga

siga (sn., mc., jm. sigogi, daga Larabci)

1. Kama ko fasalin abu: *sigar riga*.

2. A fannin kwamfuta: yanayin da fayil yake ciki bayan kowane gyara. *Alhaji, wannan jerin farashin goro tsohuwar siga ce, ga ta yau.*

Bayani: A Agege, kamar sauran unguwannin Hausawa na Legas, ana tura karatu, waƙa da takardu daga waya zuwa waya ta Xender ko Bluetooth, ba tare da rumbu ɗaya da kowa ke ɗebowa ba. Idan mutum biyu suka gyara takarda ɗaya, sai sigogi biyu su bazu da suna ɗaya. Maganinsa a sa kwanan wata da lamba a sunan fayil. Shi kuwa tsarin raba fayiloli na BitTorrent, wanda Bram Cohen ya fitar a 2001, yana ba kowane fayil lambar shaida da ake lissafawa daga abin da ke cikinsa. Ko harafi ɗaya aka canza, lambar za ta canza, don haka ana iya bambance sigogin.

Dubi: *kwafi, sabuntawa, turi.*