Tarihin Kalmar Ingilishi "Answer": Daga Rantsuwa Zuwa Amsar Tambaya

Ɗalibin da ya buɗe ƙamus na Ingilishi da Hausa zai tarar an fassara "answer" da "amsa", kuma sau da yawa nan yake tsayawa. Fassarar daidai ce, sai dai ta ɓoye tafiyar da kalmar ta yi ta fiye da shekara dubu. Wannan takarda za ta bi sawun tafiyar, domin sanin asalin kalmar shi ke warware wasu ma'anoninta da ke rikita mai koyo.

Kalmar tana cikin tsofaffin kalmomin da Ingilishi ya gada daga ƙabilun Angul da Sakson, waɗanda suka ƙetara zuwa Birtaniya tun ƙarni na 5. A Tsohon Ingilishi, wato harshen da aka yi amfani da shi har wajejen shekarar 1100, siffarta ita ce "andswaru", kuma ta fito a tsohuwar waƙar nan ta Beowulf. Kashi biyu ne aka haɗa. Na farko ɗafa-goshi ne, "and-", mai ma'anar "gaba da" ko "kishiyar". Dangi ne ga "anti" na Girkanci, kuma shi ne a farkon kalmar Jamusanci "Antwort". Na biyu, "swaru", saiwarsa ɗaya da aikatau "swerian", wanda ya zama "swear" a yau, wato yin rantsuwa. Ke nan ma'anar da ke kwance a ƙarƙashin kalmar ita ce rantsuwar da mutum ya mayar don kore zargi.

Wannan ba zai fito fili ba sai an dubi yadda ake shari'a a Ingila ta wancan zamani. Idan aka tuhumi mutum da sata ko cin bashi, ba binciken shaidu ake fara yi ba irin na kotunan yanzu. Wanda ake tuhuma zai tsaya gaban jama'a ya rantse cewa ba shi da laifi, sa'an nan ya kawo wasu mutane, galibi su cika sha biyu har da shi, su rantse cewa rantsuwarsa abin yarda ce. Ba ganin abin da ya faru suka yi ba, mutuncinsa suke tsaya wa. Wanda ya kasa tara su, ko ya yi tuntuɓen harshe wajen furta lafazin, ya faɗi shari'a. Amsa a nan abu ce da dukiyar mutum, wani lokaci ma ransa, suka rataya a kanta. Al'adar ta daɗe tana jan ƙafa a shari'ar bashi, ba a soke ta a dokance ba sai 1833.

A 1066 Wiliyam na Normandi ya ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da na kotu. Dubban kalmomin Tsohon Ingilishi suka mutu, amma "answer" ta rayu, sai dai ta sami kishiyoyi biyu da suka zauna a harshen zuwa ƙarni na 14. "Reply" ta biyo ta Faransanci daga Latin "replicare", wato naɗe abu a mayar da shi baya. "Response" kuma, 'yar'uwar "réponse" da ɗaliban da suka yi karatu da Faransanci suka sani, daga "respondere" take, wadda saiwarta ke nufin ɗaukar alkawari mai ƙarfi. Abin lura ne cewa Rumawa da Sakson, kowa ta hanyarsa, sun gina kalmar amsa a kan maganar da ke ɗaure mai yin ta.

Kalmomin uku sun raba aiki. "Response" ta fi zama a bakin hukuma da likitoci, "reply" ta kama wasiƙa (ita ce ma ake gani a maɓallin mayar da saƙon imel), "answer" kuwa ta riƙe harkar yau da kullum. Da ita ake amsa tambayar malami, da ita ake kiran sakamakon lissafi, da ita ake nufin mafita daga matsala. Bature kan yi amfani da ita ga buɗe ƙofa in an ƙwanƙwasa, kuma bayan ƙirƙiro tarho a 1876 ta miƙe zuwa ɗaga waya. A nan ba dole a furta komai ba, motsawa saboda kira ya isa.

Harafin "w" da ake rubutawa ba a furtawa shi ne tabon da rantsuwa ta bari. Sautin ya faɗi daga baki, kamar yadda ya faɗi a "sword" da "two", amma rubutu ya riƙe shi, musamman bayan da William Caxton ya kafa maɗaba'a a Westminster a 1476, ƙa'idar rubutu ta fara daskarewa.

Tsohuwar ma'anar ba ta mutu ba. A kotunan tarayya na Amurka, takardar da wanda aka kai ƙara yake shigarwa don kare kansa har yanzu sunanta "answer", kuma bisa ƙa'ida kwana 21 ake ba shi bayan sammaci ya same shi. Haka nan "answer for" na nufin ɗaukar alhakin abu, "answer to" kuma zama ƙarƙashin wanda zai iya tuhumar mutum. A nan masu Faransanci kan yi tuntuɓe. Da yake "répondre" na tafiya da "à", sai su saka "to" bayan aikatau idan suna nufin amsa tambaya, alhali aikatau ɗin kai tsaye yake ɗaukar karɓau. Sunan ne ke buƙatar "to". Mai fassara ma yana da nasa tarko: a Hausa wanda ya "amsa laifi" ya yarda ya aikata, "answer" ta kotu kuwa sau da yawa musu ce.

Saura tambayar da ɗalibai ba sa rasa yi: shin "amsa" aro ce daga "answer"? Kamannin sauti kaɗai ba ya zama hujja, kuma abin da ke cikin Hausa bai goyi bayan zaton ba. Kalmomin aro masu "ns" sukan riƙe shi, kamar fensir da kansila. Sauyin da aka sani a Hausa kuma daga "m" zuwa "n" yake tafiya, shi ya sa ƙamshi na karin yamma ya zama ƙanshi a Kano. Da aro ce, "ansa" za a sa ran gani tun farko, ba dalilin da zai mayar da ita "amsa". Ga kuma 'ya'yan da ta haifa: amshi na waƙa, inda "s" ta ganɗance gaban "i", da 'yan amshi, da amsa-kuwwa. Sa'an nan a Katsina da Maraɗi ana amsar kuɗi ko saƙo, wato karɓa, ma'anar da kalmar Ingilishi ba ta da ita. Ararriyar kalmar da Hausa ta samu a wannan fage daga Larabci ta zo, wato "jawabi". A can ma'anarta amsa ce, amma a bakin Bahaushe ta koma maganar da shugaba ke yi wa taro ko da ba wanda ya tambaye shi.