Zare: Jami'a ɗaya mai kofi 22, da yadda 'yan matanta suka sha gabanmu sau biyu

1/ Ranar Litinin 7 ga Agustan 2023, da safe, ina wani gidan kallon ƙwallo a nan Daura. Najeriya da Ingila, gasar kofin duniya ta mata. Da farko mai gidan cewa ya yi shi ba zai ƙona fetur a kan wasan mata ba. Kafin a kai bugun fenariti, benci ya cika har da na tsaye a bakin ƙofa.

2/ Kun san yadda ta ƙare. Minti 120 babu ci, Lauren James ta taka Michelle Alozie aka ba ta jan kati, suka fitar da mu 4 da 2 a fenariti. Abin da da yawa ba su lura da shi ba: kociyar Ingila Sarina Wiegman, da Lucy Bronze, da Alessia Russo, duk makaranta ɗaya suka taɓa bugawa.

3/ Jami'ar North Carolina ce, a wani ƙaramin gari, Chapel Hill, a Amurka. Ana kiran 'yan wasanta Tar Heels. Ita ce makarantar Michael Jordan na ƙwallon kwando. Yau tarihin ƙungiyarta ta mata zan ba ku. Ku gyara zama, da ɗan tsawo.

4/ A 1972 Amurka ta yi wata doka da suke kira Title IX. Ta ce duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya ba za ta nuna bambanci tsakanin ɗalibi namiji da mace ba. Wannan ya haɗa da wasanni da gurbin karatu kyauta da ake ba 'yan wasa. Tun daga nan ya zama yarinya za ta iya samun digiri da ƙafarta.

5/ Amma doka a takarda ba ta buga ƙwallo. A North Carolina ɗalibai mata ne da kansu, masu ɗan kulob ɗinsu na sha'awa, suka je wurin shugaban sashen wasanni, Bill Cobey, suka ce a mayar da su ƙungiyar jami'a ta sosai. Ya amince. A 1979 aka fara.

6/ Wanda aka miƙa wa su shi ne kocin maza, Anson Dorrance, matashi da bai kai shekara 30 ba, yana ma karatun lauya a lokacin. A Bombay ta Indiya aka haife shi a 1951, ya yi ƙuruciya a Nairobi da Addis Ababa da wasu biranen. Wato har Afirka na da ɗan rabo a cikin labarin nan.

7/ Shekara biyu kacal, 1981, suka ɗauki kofin ƙasa na farko. A 1982 hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta fara shirya gasar mata, suka ɗauka. 1983, su. 1984, su. A 1985 Jami'ar George Mason ta doke su a wasan ƙarshe, mutane suka ce to alhamdu lillahi, an huta.

8/ Ina! Daga 1986 zuwa 1994 sau tara a jere suka ɗauki kofin. TARA. Tsakanin 1986 da 1990 sun yi wasa 103 ba a doke su ba. Da aka samu aka doke su sau ɗaya, sai suka ɗora da cin wasa 92 a jere, babu ko canjaras. Wasan ƙarshe na 1992 maƙwabtansu Duke suka sha 9 da 1.

9/ Ku 'yan Madrid da kuke damun mu da sau uku a jere, ga naku nan.

10/ To mene ne sirrin? Nan ne wurin da ya fi jan hankalina. Dorrance ya riƙa zuwa kallon atisayen Dean Smith, kocin ƙwallon kwando na makarantar, ya ga ana rubuta duk abin da kowane ɗan wasa ya yi. Sai ya ɗauko dabarar. Kowane gudu, kowace karawar mutum biyu, kowane bugu, a rubuce.

11/ Sannan a jera sunaye daga ta ɗaya har ta ƙarshe, kowa ta ga matsayinta. Dalilinsa: ya lura an tarbiyyantar da 'yan mata a kan kada ki fi ƙawarki a fili, kada a ce kin cika zaƙewa. Lissafin nan ya ba su izinin su yi takara da gaske a fili, su fita su ci abinci tare.

12/ Duk wanda ya taɓa koyarwa a makarantar 'yan mata a ƙasar nan ya san wannan kunyar. Yarinya ta san amsa, amma ba za ta ɗaga hannu ba don kada a ce ta cika iyayi. Ashe ba mu kaɗai ba ne. Kuma abin da ya yi maganinta a can littafi ne da biro.

13/ A nan Mia Hamm ta fito. Tana shekara 15 ta fara buga wa Amurka. A jami'a ta ci ƙwallo 103, ta ɗauki kofi huɗu, a 1989, 1990, 1992 da 1993. A ƙungiyar 1989 ɗin akwai wata 'yar Holan da ta zo ta yi shekara ɗaya ta koma gida. Ita ce Wiegman da ta fitar da mu.

14/ Da FIFA ta shirya kofin duniya na mata na farko a China a 1991, Dorrance ne kocin Amurka. Cikin 'yan wasa 18 da ya tafi da su, tara 'yan makarantarsa ne. Suka doke Norway 2 da 1 a wasan ƙarshe. Rabin zakarun duniya daga harabar jami'a ɗaya. Mu ma muna wannan gasar, kuma har yau ba a taɓa yin ta babu mu ba.

15/ Haɗuwar da ta fi yi mana ciwo ita ce ta 24 ga Yunin 1999 a Chicago. Minti biyu da farawa Nkiru Okosieme ta zura wa Amurka ƙwallo. Kafin a tafi hutun rabin lokaci sun rama da shida. Aka tashi 7 da 1. Hamm ta ci, Kristine Lilly ta ci, Cindy Parlow ta ci. Duk ukun Tar Heels ne.

16/ A yi wa namu adalci dai. Falcons ɗin 1999 sun doke Koriya ta Arewa da Denmark, suka kai zagayen 'yan takwas. Brazil ta ci su uku, suka farke duka ukun, sai a ƙarin lokaci aka ci su ta huɗu. Har yau ba mu wuce wannan matakin ba.

17/ Akwai wurin da tarihin nan ba shi da daɗi, kuma ba zan tsallake shi ba. A 1998 tsofaffin 'yan wasa biyu suka kai Dorrance da jami'ar ƙara, bisa zargin cin zarafi da maganganun da ba su dace ba. Ya musanta zargin cin zarafin. Shari'ar ta ja har 2008, aka sasanta, jami'a ta biya kuɗi, shi kuma ya rubuta takardar ba da haƙuri.

18/ Na kawo wannan ne saboda uban da ya ce yana tsoron barin 'yarsa a hannun koci namiji ba shirme yake faɗa ba. Ko a can da suke da kotu mai aiki, shekara goma aka yi ana fafatawa.

19/ Daga baya sauran jami'o'i suka farka, cin kofi ya yi wuya. Duk da haka sun ƙara har zuwa 2012, na 21 a hannun Dorrance. Ya yi ritaya a Agustan 2024 bayan shekara 45. A Disambar shekarar, mataimakinsa Damon Nahas ya kai su suka doke Wake Forest 1 da nema. Kofin NCAA na 22.

20/ Mu dawo wasan 2023, ku duba ɓangarenmu. Kocinmu Randy Waldrum a lokacin shi ne kuma kocin Jami'ar Pittsburgh. Alozie a Yale ta yi digiri, tana ƙwallo tana aikin binciken cutar daji a wani asibitin yara a Texas. Toni Payne daga Duke, Ifeoma Onumonu daga California. Ko Falcons ɗinmu jami'o'in wasu ne suka raino mana wasu daga ciki.

21/ Mu nan fa? Na san yadda zancen yake. A 2000 Zamfara ta hana ƙwallon mata. Sanannun ƙungiyoyin mata na Arewa sai ka je Lafiya wurin Nasarawa Amazons, ko Yola wurin Adamawa Queens. Kuma babbar hujjar da ake kawowa ita ce sutura da cakuɗuwa da maza.

22/ Ta sutura kam ta sauya. Tun 2014 dokar ƙwallo ta amince da hijabi. A gasar 2023 ɗin nan Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga da hijabinta da dogon wando, ita ce ta farko a babbar gasar duniya. Ta cakuɗuwa kuma, makarantunmu na 'yan mata sun daɗe suna gasar gidaje a cikin katanga, malamai mata na tsaye.

23/ Ba zan jawo muku zancen Daurama ba, duk mai son ya yi maganar mata a garin nan ita yake fara ɗaukowa. Abin da nake kallo ya fi wannan kusa. Yau Daura na da Jami'ar Sufuri ta Tarayya da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya. Katsina na da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da Al-Qalam, Dutsin-Ma na da tata. Gasar NUGA kuma tun 1966 ake yin ta.

24/ Akwai 'yar yayata da take JS2. A tsakar gida, idan an rasa gola, ita 'yan'uwanta maza suke roƙo, kuma ba a cika cin ta ba. Bana uwarta ta ce ta girma, ta bari. Ta bari ɗin. Da na ba ta labarin nan na zaci za ta tambaye ni Mia Hamm. Tambayarta ita ce, su waɗancan ɗaliban na 1979 da suka je ofis, su nawa ne, kuma wa ya rubuta musu takardar?