Tarihin kunamar ƙaramar bindiga: daga Colt zuwa Glock

Yau za mu waiwayi tarihin wani ɗan ƙarfe da bai kai tsawon yatsa ba, amma an shafe kusan shekaru 190 maƙera makamai suna muhawara a kansa, wato kunamar ƙaramar bindiga.

Kafin harsashi ya tashi, dole abu biyu su faru. Da farko a ɗana, wato a ja da baya wani ƙarfe mai kama da 'yar guduma har sifirin ɗinsa ya matse. Sannan a sake shi ya sari gindin harsashi. Duk wanda ya taɓa ganin maharbi da bindigar toka ya san haka: sai ya ɗana da hannu tukuna. To, tambayar ita ce, shin kunama sakin kaɗai za ta yi, ko kuwa har da ɗanawar?

A shekarar 1836 ne wani Ba'amurke, Samuel Colt, ya yi wa libarbarsa rajista. Mai harbi zai ja gudumar da babban yatsa, gangar harsasai ta juya, kunama kuwa ba ta da aikin da ya wuce saki. Shi ya sa ake ce mata mai aiki guda. Ja kaɗan, nauyin da bai wuce kilo 2 ba, sai ta tashi, kuma da yake hannu ba ya rawa, saiti yakan yi kyau.

Sai a 1851 wani maƙeri a birnin Landan, Robert Adams, ya fito da tasa. A bindigar Adams, ja ɗaya na kunama shi ke ɗanawa, ya juya ganga, ya kuma saki. Mai aiki biyu ke nan. Jan yana da tsawo da nauyi, don a irin waɗannan bindigogi yakan kai kilo 5, saboda haka bakin bindiga kan kauce idan abin harin yana nesa. Amma fa hafsoshin Ingila da suka je yaƙin Kirimiya daga 1854 sun gano cewa idan abokin gaba ya riga ya iso gabanka da banati, ba ka da lokacin neman guduma da babban yatsa. Ba a jima ba wani laftanar mai suna Frederick Beaumont ya gyara bindigar Adams ta yadda za a iya amfani da ita ta hanyoyin biyu. Rundunar sojan Ingila ta karɓe ta, Colt kuwa ya rufe masana'antarsa ta Landan.

A Amurka dai mai aiki guda ta ci gaba da cin kasuwa. Libarbar Colt ta 1873, wadda kuke gani a finafinan kaboyi, tana ɗaukar harsashi 6, amma masu hankali 5 suke sawa, su bar gudumar a kan ramin da babu komai. Dalili kuwa, in ta faɗi ƙasa gudumar ta bugu, tana iya tashi da kanta. Ita ma fistol ɗin John Browning da sojojin Amurka suka karɓa a 1911 mai aiki guda ce, sai dai bayan harbin farko ƙarfin harsashin ne ke sake ɗana ta.

Jamusawa ne suka yi ƙoƙarin haɗa biyun a fistol. Kamfanin Walther ya fito da samfurin PP a 1929, sannan P38 a 1938. Harbin farko da ja mai nauyi, don kada tsoro ko tuntuɓe ya sa ta tashi, waɗanda suka biyo baya kuma da ja mai sauƙi. A takarda dabara ce mai kyau. A hannu kuwa, yatsa sai ya koyi ja iri biyu cikin daƙiƙa guda, abin da masu horar da 'yan sanda suka daɗe suna kuka da shi. Duk da haka irin wannan ce, ƙirar Beretta ta Italiya, sojojin Amurka suka koma wa a 1985.

Wanda ya sauya lissafin, abin mamaki, mutum ne da bai taɓa ƙera bindiga ba. Gaston Glock, injiniya ɗan ƙasar Ostiriya, sandunan labule da wuƙaƙen soja yake yi. A farkon shekarun 1980 sojojin ƙasarsa suka zaɓi bindigarsa, Glock 17. Ba ta da guduma sam. Wata allura ce mai sifirin a ciki, a ɗane rabi, kunama ta ƙarasa ɗanawar ta saki. Kowane ja iri ɗaya ne, kimanin kilo 2 da rabi.

To amma sauƙin ja yana da nasa haɗarin. Rundunar 'yan sandan birnin New York ta sa aka ƙara wa nata bindigogin nauyin kunama zuwa fiye da kilo 5, don rage harbin kuskure. Masu suka suka ce ai hakan ya sa ɗan sanda kan kuskure wanda ya nufa, ya sami mai wucewa. A 2021 rundunar ta fara bai wa sababbin kurata masu sauƙin ja. A ganina, duk ɓangarorin biyu suna da gaskiya, shi ya sa gardamar ta ƙi ƙarewa.

A 2017 sojojin Amurka su ma suka koma ga mai allura, samfurin P320 na kamfanin SIG Sauer. A wannan shekarar ce aka gano irin wadda ake sayar wa farar hula tana iya tashi idan ta faɗi ta wata kusurwa, kamfanin ya yi tayin gyara kyauta. Daga baya wasu 'yan sanda da farar hula sun kai ƙara kotu, suna cewa ta harbe su tana cikin kube ba tare da an taɓa kunama ba. Kamfanin ya musanta, yana mai cewa bindigar ba ta tashi sai an ja.